Dodon Da Ya Sare Mini Rake

Matameye, Alhamis da dare

Barci ya ƙi zuwa. Da hantsi na saci jiki na leƙa lambuna na bakin korama, duk da maƙwabcinmu Malam Habu ya hana mata zuwa. Shi ya rantse ya ga dodon ruwa, baƙi ƙirin, gashi har gadon baya.

Na tarar an sare rakena da adda, ga sawun amalanke a laka.

Da na faɗa masa sai ya ce, "Hadiza, yi shiru, yana jin mai ambatonsa." Ko ido bai haɗa da ni ba.

Ina tsoron ruwan nan, don kakata ta ce ya taɓa haɗiye ƙanenta. Amma yaushe dodo ya sayi amalanke? Gobe kasuwa ce. Zan zaga wajen masu rake, in ga wa dodon ya aiko ya sayar masa.