Batira a Bakin Taga

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara? Ya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau. Aikin sito ba wuya, sai dai laftof ɗin da nake shigar da kaya. Maus da kibod ɗinta marasa waya ne. Ina cikin aiki sai su ɗauke, direbobi na tsaye a kaina, maigida na faɗa. Ba komai, kunnena ya saba. Na lura in na matso da su kusa da ita sukan dawo. In sun ƙi, to batir ne.

Jiya na cire batiran na shanya a bakin taga, yadda Baba, Allah ya jiƙansa, yake yi wa na rediyonsa. Wani direba ya ce, "Malam, wanki ka yi musu?" Na yi dariya, amma na daɗe tsaye a wurin.

Inna ta ce za ka ba masu gwangwan rediyon. Don Allah kar ka bayar. Ko ba ya magana, a bar shi a tagarsa har in dawo.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka