Tarin Motarka, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Haruna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ka koya mana, ina fata Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Na san babu mai kai maka wannan wasiƙa. Masu bin shafina ne za su karanta, wasu su yi mini ta'aziyya, wasu su turo mini lambar bakanikensu. Duk da haka kai nake so in gaya wa, don kai kaɗai ne ba za ka ce na zare ba.

Dattijuwa ta kwanta, Baba. Motarka nake nufi, mai ruwan tokar nan da ka raɗa wa suna tun muna firamare, wadda ƙofar bayanta ba ta buɗuwa sai daga waje.

Akwai aikin da take yi mana tun bayan rasuwarka wanda ba ka sani ba. Mantuwar Inna ta yi nisa. Wani lokaci takan dube ni ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. Abu ɗaya ne bai goge ba: ba ta cin tuwon dare sai maigida ya dawo. Haka ta yi duk tsawon zamanku. Kakan shigo da mota gab da magariba, ka kashe ta, ta yi tarin nan nata sau biyu, ka wuce masallaci ko ciki ba ka leƙa ba, Inna kuma daga ɗaki ta ce, "To, ya iso, a zuba."

Yanzu ni ce nake shigowa da motar in na taso daga aiki a Abuja. Inna ta ji tarin, ta ce a zuba, ta ci. Kafin a idar da isha'i ta yi barci, ba ta kai ga tambayar inda ka tsaya ba.

Ranar da abin ya faru muna cikin cunkoso daidai Dutsen Zuma, irin wanda tirela ɗaya kan faɗi ta tsare duniya. Allurar zafi ta hau, na gangara gefe, na ɗaga bonet, tururi ya turnuƙe. Ka san mutanenmu in sun ga mace da mota a bakin titi, kowa bakanike ne. Mai rake ya ce ƙishirwa take ji. Wani ya kinkimo ledojin fiya wata masu sanyi ƙarara, suka yi ta fasawa suna ɗura wa lagireto, suna kwarara wa injin a ka kamar mai zazzaɓi. Na tuna yadda kake cewa, "Ummi, in ta yi zafi kada ki ba ta ruwa sai ta huce." Na faɗa, na sake faɗa, amma muryata ba ta kai tasu ba. Ta tashi kuwa, suka yi ta murna, ni ma na yi godiya, don da zuciya ɗaya suka yi.

Da kyar ta kai ni Gauraka tana fitar da farin hayaƙi. A ƙofar garejin Danladi ta mutu.

Danladinka yana nan, ya yi furfura, yana gaishe ka kamar ba shi ya ɗauki makararka ba. Ya zaro sandar awon mai ya nuna mini, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Ya cire murfin lagireto ya ce in murza makulli, ruwa ya yi ta ɓulɓulowa. Ya kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya, ya sami wanda ya jiƙe. Ya ce, "Anti, gasket ya ƙone, wannan ba gardama. Tof ɗin, wato kan injin, shi nake tsoro. Sai mun buɗe."

Da aka buɗe, abin da yake tsoro ne. Kan injin ya lanƙwashe, ga tsaga siririya kamar gashi, ring duk sun gaji. Ya ce ko dai a sa mata injin Balijam, irin na hannu da ake shigowa da shi daga waje, ta koma yarinya, ko a kira 'yan gwangwan su auna ta. Da na ƙi tashi, sai ya sosa ƙeya ya ce akwai faci: a goge tof, a yi masa walda, a mayar. "Injin zai tashi, Anti. Amma shi da Abuja sun yi sallama. Go-silo ɗaya zai gama da shi."

Na kira Yaya Kabiru a Kano. Ya ce, "Ki sayar ki huta, ƙarfe ne fa." Ban ga laifinsa ba. Ba ya gidan da magariba. Ya ma yi ƙoƙari, ya sa abokinsa ya ara mini mota, sabuwa fil, wadda ba ka sanin tana kunne sai ka taɓa ta. Na shigo da ita, na kashe, na yi hon. Inna ta ce, "Baƙi aka yi?" Ta ja faifai ta rufe tuwonta.

Duk kwanakin da Dattijuwa ta yi a gareji haka muka yi. Da rana takan karɓi kunu kaɗan. Da dare sai ta juya tabarmarta ta fuskanci ƙofa. Na lallashe ta, na yi mata ƙarya cewa ka bugo ka ce ta ci. Ta harare ni ta ce tun yaushe ka fara aiko da saƙo ta bakin yara. Zanenta ya fara yi mata yawa, awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu.

Na gaji, Baba. Ba na jin kunyar faɗa maka. Na gaji da fita kafin gari ya waye, na gaji da jarkar ruwa a but, na gaji da sanin sunan kowane mai faci daga Diko zuwa Zuma. Wallahi raina ya biya da injin Balijam ɗin nan. Ina son motar da zan murza sau ɗaya ta tashi, in isa ofis ba warin fetur a mayafina.

Sai na koma Gauraka na tambayi Danladi ko sabon injin zai yi tari in an kashe shi. Ya yi dariya har ya dafa taya. Ya ce, "Anti, kuɗi mutane suke biya a cire musu tari. Shekara da shekaru ina roƙon Baba ya bari in saita taimin injin, tarin ya tafi, ya ce in bar masa abinsa, da shi ake sanin ya dawo."

Ashe da gangan ne, Baba. Mu muna ta tsokanarka da rowa.

Nan na ce a yi facin, kuma kada ya taɓa taimin. Ya ce bai yi mini alkawari ba, don dauɗar da ta taru a cikin injin tana cikin abin da ke sa tarin, kuma in an goge tof za ta tafi. Na ce na ji. Yaya Kabiru ya ce asara zan yi sau biyu. Shi ma na ce na ji.

Ga yadda na tsara. Da safe in tuƙa ta zuwa gidan man da ke bakin titi, in bar ta wurin maigadi, in shiga motar haya a matse ni da mutum huɗu a baya. Da yamma in sauka, in ɗauke ta, in ratsa layukan unguwa zuwa gida. Motar da ta kai mu Zariya ta dawo ba adadi, yanzu iyakarta ke nan.

Jiya na karɓo ta. Na shigo ana shirin kiran magariba, na tsaya inda kake tsayawa, gindin dalbejiya, na kashe. Shiru. Na riƙe sitiyari, na kasa kunne. Can sai ta girgiza ta yi tari, sau ɗaya, a raunane, ba biyu ba.

Daga ɗaki na ji Inna ta ce, "To, ya iso, a zuba." Sannan ta ƙara, "Yau kam ya daɗe a hanya."

Ta cinye, Baba, har ta nemi ƙarin miya. Ni kuwa na zauna a mota na yi kukan da ban samu na yi ba ranar jana'izarka.

Da Danladi yake miƙo mini makulli ya ce in riƙa lallaɓa injin, bai san ko facin zai kai baɗi ba. Tun jiya nake son in yi addu'a a kan wannan, na kasa haɗa ta. In na roƙa wa Inna tsawon rai, ranar da injin zai yi shiru nake kira. In na roƙa injin ya fi ta daɗewa, ka san abin da na roƙa. Don haka na bar wa Allah, shi ya san wanda zai fara kashewa, ni dai zan ci gaba da shigowa kafin magariba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka kurakuranka. Allah ya sa kada Inna ta kwana da yunwa tana jiran ka. Allah ya haɗa ku a inda ba sai ta saurari mota ba.

Wassalam.

Uwarka, kamar yadda kake kira na,
Ummi
Suleja