Ban-kwanan Mama Kafin Zaɓe

Athlone, Agusta 1984

Yaya Moegsien,

Assalamu alaikum. Ya iyali? Mu dai ba lafiya ba. Mama ta fara zagayen neman gafara gida-gida kafin ta tafi Makka, amma tun da aka manna hotonka na takarar majalisa a turakun lantarki ƙofofi suke rufewa, don unguwar nan ta ƙaurace wa zaɓen. Jiya Anti Koelsoem, ƙawarta tun suna 'yan mata, ta leƙo ta taga ta ce, "Je ki roƙi ɗanki tukuna." Mama ta dawo ko mayafi ba ta cire ba, tana ta zarya a tsakar ɗaki. Wace irin majalisa ce wannan, Turawa da zaurensu, Indiyawa da nasu, mu ruwa-biyu da namu, baƙaƙe ko benci babu? Ka janye, don Allah.

Ƙanwarka, Galiema

Zuwa ga Galiema,

Bayan gaisuwa mai yawa. Ba da ihu a titi ake gyara ba, sai an shiga ciki. Kin manta yadda aka rushe gidanmu muna kallo, babu mai magana da yawunmu? Ba zan janye ba. Ranar Litinin zan zo da mota in kai Mama filin jirgi da kaina. Ki gaishe ta.

Yayanki, M. Salie

Yaya,

Salamu alaikum. "M. Salie" kuma? Sannu, ranka ya daɗe! To ga abin da ake ciki. Maƙwabta sun aiko: za su zo rakiya, za su yafe mata, amma in motarka ta shigo layin nan kowa zai watse. Na tambayi Mama me zan rubuta maka. Ta kwance jakarta ta sake ɗaurewa, ta kuma kwancewa, sannan ta ce ba za ta je ɗakin Allah da haƙƙin unguwa guda a kanta ba. Kada ka zo. Wallahi ina kuka nake rubuta wannan.

Galiema

Yaya,

Salam. Mama ta tashi. Gida ya cika har titi, Anti Koelsoem ta rungume ta suna kuka. An yi kiran salla a ƙofa kamar yadda ake wa mai tafiya Makka, aka ce ta fita, ta ƙi motsi, idonta na kan kwanar layi har direban motar da za ta kai ta ya soma fushi.

Ta ce in gaya maka ta yafe maka duniya da lahira. Ta ce kowa ta roƙa ya yafe mata, saura kai, kuma ba ta san ko za ta dawo ba.

Ka huta lafiya.

Galiema