Kujerar Gaba

Litinin, 6 ga Mayu 2024
Wata biyar ke nan da motar kasuwa ta kife da mu a hanyar Maradi. Ni ce a kujerar gaba. Inna Lantana, maƙwabciyarmu, ta iso da ciwon gwiwarta, na sauka na ba ta wurina, don yaro ba ya zama gaba babba na baya. Ita ta mutu, ni ko ƙwarzane. Kowa sai ya ce “ƙarar kwana ce”. Na sani. Amma ni na riƙe mata ƙofar.

Alhamis, 9 ga Mayu
Ina cikin aji a lakol wata mota ta yi oda. Sai ganina na yi durƙushe bayan tebur. Na ce alli na ke nema.

Asabar, 11 ga Mayu
'Yar farina ta haihu a Cadawa. An yi mata aiki, ba ta iya zuwa gida wankan jego. Ni ya kamata in tafi. Daga nan Gidan Sori amalanke ba ya kai mutum can, sai mota.

Lahadi, 12 ga Mayu
Na je tasha. Warin mai kawai na ji, na yi amai, na koma gida. Mata suka ce, “Kunyar 'yar fari ce, Malama akwai kara.” Na bar su a haka. Allah Ka yafe mini, tsoro ne.

Talata, 14 ga Mayu
'Yar tawa ta kira. Zazzaɓi, ɗinkin na ruwa. “Inna, kunyar ta isa haka. Ko ba ki so na?” Na riƙe wayar a kunne har layin ya yanke. Wace irin uwa ce ni?

Laraba, 15 ga Mayu, Cadawa
Ban san yadda na iso ba. A tasha wata budurwa ta sauko daga gaba tana murmushi: “Inna, shigo nan, baya akwai matsi.” Na ƙi har sau biyu. Sai na ga in na ƙi, ita za ta zauna. Na shiga. Ta rufe mini ƙofa a hankali, ba komai a fuskarta sai ladabi. Na yi kuka har Maradi.
Ban warke ba. Zazzaɓin Hamdiya ya sauka. Yau na fara rubuta sunanta.