A Dawo Mana da Irin Dawar Inna Hanne

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Shirin Haɗin Gwiwa na Koyar da Ƙananan Manoma.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, amin.

Ranka ya daɗe, sunana Haladu Musa. Manomi ne ni a wani ƙauye na ƙasar Bagwai, kuma ni nake jan salla a masallacin unguwarmu. Na haura shekara sittin. Ɗan bokon da nake da shi na yaƙi da jahilci ne, saboda haka in harshena ya yi kaushi a yi mini afuwa. Na zaɓi in rubuto a fili, inda kowa zai karanta, domin sau huɗu ina zuwa ofishinka ban samu ganinka ba, ƙafata kuma ta gaji.

Na farko, bari in tuna maka yadda kuka zo mana.

Damina huɗu ke nan da malamin gonarmu, Malam Sabo, ya zo a kan babur ɗinsa ya ce gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wata jami'a ta nan gida da kuma wata jami'ar baƙaƙen fata ta ƙasar Amurka, don a koya wa ƙananan manoma dabarun zamani. Mun yi murna. Gonakinmu gado ya yanka su ƙanana ƙanana, babu inda za a hutar da ƙasa, ga ƙuduji ya cinye mana dawa.

Cikin baƙin da kuka kawo akwai wata farfesa, dattijuwa, baƙa kamar mu, kanta duk furfura. Takalminta ta cire ta shiga gona. Malam Sabo ne ya yi mana tafinta. Ta ce an kafa jami'arsu ne a zamanin da ake hana baƙar fata shiga makarantun Turawa, kuma tun asali aikinsu shi ne su bi ƙaramin manomi har gonarsa. Ta ce kakanta ma manomi ne, da alfadari ɗaya ya ciyar da gidansa. Kafin la'asar matan garin sun raɗa mata suna Gwaggo. Na yarda da matar nan, har yau ban janye ba.

Na ba ku gonata ta bayan gida, wadda ta fi samun taki, ta zama gonar gwaji. Kuka kawo sabon irin dawa, gajeriya, mai saurin nuna, wadda ƙuduji ba ya kayar da ita.

A wannan zuwan ne Gwaggo ta shiga wurin Inna Hanne. Matar marigayi yayana ce, ta girme ni nesa, kowa a garin Inna yake ce mata, har ni. A hannunta irin dawar gidanmu yake, wadda muke kira 'Yar Tsohuwa: doguwa, mai jan kai, tuwonta yana kwana bai saki ba. Daga hannun mahaifiyarmu ta karɓe shi, ita kuma daga hannun kakarmu, kuma duk kaka ita take zaɓar zangarniyar da za a rataye a rumbu don shuka ta gaba. Gwaggo ta roƙi samfur. Inna ta zaɓo mata zangarniya goma mafi kyau. A gabana wani ma'aikacinku ya zuba su a babbar ambulan, ya rubuta sunan Inna da sunan garinmu, ya ce za a ajiye a ɗakin sanyi na adana iri, duk ranar da ta buƙata za a dawo mata da shi.

A waccan shekarar gonar gwaji ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Malam Sabo yana zuwa duk mako, shi ya faɗa mini ranar shuka da ranar zuba taki. Da kaka kuka zo da rikoda kuka ɗauki muryata ina yabon irin. Bayan kun tafi na bi gida gida, na kuma yi magana a ƙofar masallaci. Mutane suka karɓa. Ba don takardarku suka karɓa ba, ranka ya daɗe. Don ni suka karɓa.

Na biyu, abin da ya faru a damina ta biyu.

Malam Sabo ya yi ritaya, ba a turo kowa a madadinsa ba. Dama tun da man fetur ya yi tsada zuwansa ya ragu, sau da yawa da aljihunsa yake zuba wa babur ɗin mai. Da bazara motarku ta zo ta sauke buhunan iri a ƙofar gidan mai unguwa, da ƙunshin takardu rubuce da Turanci, ta juya. Babu wanda ya sauko ya yi mana bayani.

Ruwan farko na sauka muka shuka, kamar yadda muka tarar iyayenmu suna yi. Ni kaina ban lura cewa a shekarar gwaji Malam Sabo da gangan ya jinkirta mini shuka ba. Na ɗauka irin ne bai iso da wuri ba. Dawar ta fitar da kai a tsakiyar marka. Ruwa ya yi ta dukanta har kan ya yi baƙi, ya yi funfuna. Abin da ya tsira tsuntsaye suka sauka a kai, domin a duk karkarar babu wata dawa da ta nuna sai tamu. Mata da maza muka wuni a gona muna kaɗa gwangwani, a banza. Gonar da take ba mutum dami ashirin, wani bai ɗaure biyar ba. Karan ma gajere ne, bai isa danga ba, bai ƙosar da dabbobi ba.

Bayan kaka Malam Sabo ya zo garinmu ta'aziyya. Na miƙa masa ɗaya daga cikin takardun nan. Ya karanta, ya dafe kai. Ashe a ciki an rubuta cewa kada a shuka irin da ruwan farko, a jira kamar mako uku. Magana ɗaya ce tak, wadda mutum ɗaya a kan babur zai faɗa mana kafin shayinsa ya huce.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai.

Inna Hanne gona ɗaya gare ta, tana kuma riƙe da marayun ɗanta. Ba ta so ta canja iri ba. Ni na zauna a ƙofar ɗakinta na lallashe ta, na ce ta gwada shekara ɗaya. Ta ce tunda Malam ya faɗa, wato ni, shi ke nan. Ta shuka sabon, ta bar 'Yar Tsohuwa a rataye. Sauran gidajen da suke karɓar irin a wurinta su ma duk sabon suka shuka.

Ka san yadda waccan shekarar ta kasance, abinci ya yi tsadar da ban taɓa gani ba a rayuwata. Na taimaka mata da abin da zan iya, amma nawa rumbun ma ƙasa ya taɓo. Wata safiya na shiga gaishe ta, na tarar da ita a bakin turmi. Ba ta ɗago kai ba ta ce mini: "Malam, na daka 'Yar Tsohuwa." Da ta ga yadda fuskata ta yi, ita ce ma ta koma ba ni haƙuri. Ta ce kada in damu, ai akwai wanda aka ajiye mata a birni da sunanta a jiki.

Na zagaya ƙauyukan da ke kewaye da mu, babu. Na je kasuwar Dawanau na wuni ina tsoma hannu a buhuna. 'Yan kasuwa suka nuna mini kaura da farafara iri iri, duk a gauraye, babu tamu. Irin da ya wuce hannun mata uku a gidanmu yanzu ba ya ko'ina a duniya sai cikin ambulan ɗin nan taku, in har tana nan.

Na huɗu, zuwana ofishinka.

Zuwan farko aka ce kana taron bita a Abuja. Na biyu aka ce zangon farko na shirin ya ƙare, ana jiran a sa hannu a na biyu. Na uku wani matashin ma'aikaci, mai ladabi ƙwarai, ya duba kwamfuta ya nuna mini hotona ina tsaye a gonar gwaji ina dariya. Amma maganar iri ya ce bai sani ba: wataƙila yana jami'a, wataƙila an tafi da shi waje. Na roƙi adireshin Gwaggo, ya ce sai ta hannunka. Zuwa na huɗu mai gadi ya gane ni, ya ba ni kujera da ruwa, na zauna tun hantsi har aka kira la'asar, na yi salla na kamo hanya.

Na biyar. A watan jiya muna zaune a majalisa bayan la'asar, rediyo a kunne, sai na ji muryata. Wadda kuka ɗauka a shekarar gwaji ce, ina cewa duk wanda ya shuka wannan iri ya rabu da yunwa. Mai gabatarwa ya ce ga shaidar nasarar shirin daga bakin manomi. Mutanen da ke zaune tare da ni su ne waɗanda dawarsu ta ruɓe. Maƙwabcina Alhaji Ɗanladi ya miƙa hannu a hankali ya rage muryar rediyon. Da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi.

Don in yi adalci: irin ba shi da laifi. A damina ta uku ni kaɗai na sake shuka shi, na jira makon ukun nan, ya kuwa yi kyau. Na ɗauki mudu mudu na kai wa mutane kyauta da bayanin yadda ake yi. Suka yi godiya, suka ba kaji. Ban ga laifinsu ba. Suna bi na salla har yanzu, amma an daina tambayata ko ranar shuka. Ilimin da kuka ɗauko tun daga Amurka mai kyau ne, sai dai kun sauke shi a ƙofar mai unguwa kun tafi.

Saboda haka ga roƙona.

A nemo ambulan ɗin Inna Hanne. Ba duka muke so ba. Ko cikin tafin hannu ne ya isa, zan shuka shi a bayan ɗakina in yi gadinsa da kaina. In kuma ya ɓace, ko ƙwari sun cinye, a faɗa mana gaskiya mu yi haƙuri.

A turo mana malamin gona mai jin Hausa wanda zai zauna kusa da mu, a kuma ba shi abin hawa da zai iya zagayawa. Duk takardar da za a raba wa manomi a rubuta ta da Hausa, da boko da ajami. Da a ce da ajami aka rubuta waccan, da ni da kaina na karanta wa jama'a a masallaci.

A daina sa tsohuwar muryata a rediyo. In ana son muryata, a zo a ɗauki sabuwa, in faɗi duka, da daɗin da rashin daɗin.

A isar wa Gwaggo da jami'arsu abin da ya faru yadda ya faru. Ba na zaton matar da ta cire takalmi ta shiga gonata ta san haka aka ƙare. Kafin a sa hannu a zango na biyu, ya kamata su sani, don kada a maimaita a wani ƙauyen.

In kuwa shirin ya mutu ne, a fito a ce ya mutu, mu daina sauraron ƙarar mota.

Ranka ya daɗe, Inna Hanne yanzu ba ta iya fita, ƙafafunta sun kumbura. Duk ranar da na dawo daga birni sai ta aika a kira ni. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta taɓa cewa ni na jawo ba. A zuwan ƙarshe na rasa abin da zan ce mata, sai na ce Darakta ya yi tafiya. Ta ce Allah ya dawo da shi lafiya.

Ni ma addu'ar da zan yi maka ke nan. Allah ya dawo da kai lafiya daga duk inda kake zuwa, ya ba ka ikon sauke nauyin da ya ɗora maka, ya sa ka gama da mutuncinka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa amsarka ta iske tsohuwar nan da ranta.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Haladu Musa,
manomi daga ƙasar Bagwai.