Gishirin Iya

Sandamu, Litinin

Assalamu alaikum Harisu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya Daura, ya shagon gyaran kwamfuta? Ka gaida Kawu.

Ga tsohuwar kwamfutar Yaya Sabiru nan na ba direba ya kawo maka. Kafin Iya ta rasu ya ɗauki muryarta a wayarsa tana yi wa 'ya'yanta sallama ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a ciki, wayar kuma ta faɗa ruwa. Kowa ya ji nasa. Da an kusa zuwa kaina sai wani abu ya yi ƙas-ƙas a ciki, Iya ta ɗan ci gaba, ta ce "Ke kuwa Adawiyya," sai shiru.

Ka san yadda muka rabu. Saboda hawan jininta na kwashe gishirin ɗakinta na taho da shi, ta ce aikin asibiti ya cire mini tausayi. Na yi fushi, ban koma ba sai ranar jana'iza. Jiya sau ashirin na kunna. Ina tsoron abin da ta faɗa, amma rashin jinsa ya fi ci mini rai. Don Allah ka duba ko za ka iya ciro mini sauran.

Taubashiyarka,
Adawiyya

Daura, Laraba

Wa alaikumus salam, uwar likitoci,

Sau ashirin! Da majinyaci ne da tuni kin aika shi lahira. Faifan da ke ajiye komai a ciki ne ya yi tabo, kuma duk kunnawa allurar da ke karanta shi sai ta ƙara fama wurin.

Kin san me ya sa Gwaggo ke ci gaba bayan ƙarar? In kwamfuta ta nemi abu kaɗan, faifan kan karanto har da na gaba, ya zuba a wata 'yar ma'ajiya, kamar mai jan ruwa da ke cika randa tun ba a ji ƙishi ba. Daga randar ake ba ki. Lokacin da kika ji ƙas-ƙas guga ya riga ya maƙale, sunan naki ragowar ruwan randa ne.

Wannan azarɓaɓi ne ke kai shi kan tabon ya tsaya cak. Zan hana shi karatun gaba, in riƙa ɗebowa kaɗan-kaɗan ina kwafewa, in kewaye tabon in ɓullo masa ta baya. Ban yi alkawari ba fa. Ki dai yi addu'a.

Ubangidanki,
Harisu

Daura, Asabar

Salam Adawiyya,

Kwana uku ina lallaɓa shi kamar ƙwai. Daƙiƙa huɗu sun tafi, ba za su dawo ba. Sauran yana cikin memorin da ke ambulan ɗin nan. Na saurara, amma ba daga bakina za ki ji ba. Kada ki kunna a wurin aiki.

Ki huta lafiya,
Harisu

Sandamu, Talata

Assalamu alaikum Harisu,

Na kunna, sau ɗaya tak, wallahi. Bayan sunana akwai ɗan shirun nan, sai na ji ta ce, "...ɓarauniyar gishiri. Ba ta san na ɓoye wani a gwangwanin turare ba." Ta yi ta dariya har da tari. Sannan ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Ke kaɗai kika yi faɗa da ni don kada in mutu."

Na yi kuka, na yi dariya, na yi sujada. Wata bakwai ina ɗauke da wannan dutse, ka sauke mini shi. Allah ya saka maka da alheri, ya sa wa hannunka albarka. Ubangidancin ma na bar maka na mako guda.

Jiya na je gida na buɗe gwangwanin. Yana nan, saura rabi. Da shi na yi dambun da direba zai miƙo maka. Ka cinye, kada in ji ka ce ya yi gishiri.

Mai godiya har abada,
Adawiyya