Ka Shafa Wuyan Babur Kafin Ka Saya

Belleville, Treichville, Abidjan
Ranar Talata, bayan azahar

Zuwa ga ɗana Saminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Afra'u da jaririyarku, da mahaifinka Nomau da duk mutanen gida a Maraɗi. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya sa damina ta yi albarka. Mu nan da sauƙi, mun gode Allah. Masu zaman makokin ɗana Fatihu sun watse, an mayar wa masallaci tabarminsa, gidan ya koma shiru. Ƙafafuna na kumbura, abinci kuma sai 'yata Haulatu ta tsaya a kaina nake ci. Ita ta ce in yi maka saƙon murya a waya ya fi sauƙi, na ce a'a, takarda nake so, wadda za ka naɗe ka sa a aljihu ranar da za ka buƙace ta. Ka yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na yi.

Saƙon mahaifinka ya iso. Ya ce tunda babur ɗin ɗan'uwanka Fatihu yana nan jingine ba mai hawa, a gyara shi a ɗora maka a mota daga tashar Adjamé, ka samu abin yin kabu-kabu ka riƙe iyalinka. Ban ji haushi ba, wallahi. Da Fatihu zai iya magana, kai zai ce a ba. Amma ba zan aiko da shi ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙarshen saƙon, inda ya ce idan hakan bai yiwu ba, surukinka yana da wani babur na hannu da zai sayar maka bayan Sallah. Tun da na ji haka ban samu natsuwa ba, shi ya sa na zauna rubutu.

Ka san marigayi Malam, mahaifin su Fatihu, shekara ashirin da shida ya yi yana gyaran babur a Adjamé, bayan tashar manyan motoci. Ni kuma ina gefen rumfarsa da tandar waina, har ya rasu shekara bakwai da suka wuce. Ban taɓa riƙe sifana ba, amma kunnena ya sha magana. Duk wanda zai sayi babur na hannu a cikin 'yan Nijar, sai ya zo ya ɗauki Malam su tafi tare. Abin da na ji yana faɗa musu shi zan faɗa maka, yadda ya zo mini.

Ya kan ce kada ka yarda a kawo maka babur yana kunne. Kai za ka je inda ya kwana, da safe, ka ɗora hannunka a kan injin ka ji shi da sanyi, sannan a tayar a gabanka. Injin da ya gaji idan an ɗumama shi lafiya lau yake tashi, da sanyin safiya ne yake faɗin gaskiya. In ya tashi, ka koma baya ka dubi salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin yana shan baƙin mai, ka bar musu abinsu. Ka saurara kuma, in ka ji ƙwas-ƙwas a ciki kamar ana buga cokali a kwano, ba ƙaramin gyara ba ne. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka murza a yatsa. Malam ya fi tsoron wanda ya yi kauri ƙwarai, don akwai masu zuba mai kauri saboda ya danne ƙarar inji na kwana biyu. Ka leƙa ƙasa inda babur ɗin ya kwana ko akwai ɗigo. Ka ja sarƙa ka gani ko ta saki, ka dubi haƙoran da take hawa, in sun yi tsini sun ƙare. Taya ba zanenta kawai ake dubawa ba, har gefe, ko ta tsattsage. Ka hau da kanka, ka sa kowace giya, ka kama birkin gaba daban, na baya daban.

Takardu ma kada ka ji nauyin tambaya. Lambar da ke jikin katin babur, wanda muke ce wa kat giriz, ka karanta ta harafi-harafi ka haɗa da wadda aka buga a jikin ƙarfen. In wurin ya yi kama da an goge an sake bugawa, ka yi sallama ka tafi. Na ga yaran kirki sun kwana a hannun 'yan sanda saboda babur ɗin da suka saya da guminsu.

Duk waɗannan, in ka yi kuskure, dukiya ce za ta tafi, Allah ya mayar. Wanda ke ɗaukar rai shi ne wuya, wato inda ƙarfen kan babur ya haɗu da gangar jikinsa, ƙarƙashin gaban tanki. Babur ɗin da ya taɓa yin karo mai tsanani a nan yake tsagewa. Sai a kai wa mai walda ya liƙe, a goge, a shafa fenti. Ido ba ya gani sosai, yatsa ne ke ji. Malam ya kan durƙusa a ƙasa, ko da sabuwar riga, ya zura hannu ya shafa wurin a hankali. In ya ji tudu-tudu kamar tabon ƙuna, sai ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce wa mai saye su tafi. Ko fenti ya gani sabo a wuri ɗaya, sauran jiki tsoho, ba ya ƙara magana.

Fatihu ya san wannan duka, Saminu. A rumfar nan ya yi rarrafe. Da ya samu aikin kai wa mutane saƙo tsakanin Treichville da Adjamé, ya yi ta neman babur, ya duba sun kai biyar yana ƙi. Har abokansa na yi masa tsiya da Faransanci, wai sai dai a ƙera masa nasa. Sai ranar wata Juma'a bayan an sauko, Alhaji Mijinyawa ya zo ƙofar gidanmu. Aminin Malam ne tun suna samari, mota ɗaya ta kawo su daga Maraɗi, shi ya yi masa wanka da ya rasu. Ya zo da babur yana kunne, wani ya tuƙo masa. Ya ce ya ji ɗan amininsa na yawon nema, ga wannan ya karɓa a hannun wani, Fatihu ya ba da abin da ya sauƙaƙa. Dattawa uku na tare da shi. Fatihu ya durƙusa, amma gaisuwa ya durƙusa yi. Ya taɓa madubi, ya murɗa hannu sau ɗaya, ya yi godiya. Ka san halinmu. Yaro ba ya kwanciya a ƙasa yana laluben kayan uban gidansa a gaban mutane, sai a ce ya mayar da dattijo maƙaryaci. Aka yi fatiha, aka shafa.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Haulatu. Ina tsaye a bakin ƙofa ta bayan labule, rana na dukan babur ɗin, na ga fentin wuyan ya fi na sauran jiki ƙyalli. Na gani da idona. Bakina ya buɗe, sai na tuna maza ne ke magana, kuma Alhaji ne. Na ce a raina bari su tafi in gaya masa. Da suka tafi ya shigo yana murna, ya ce, “Inna, kin ga Baba ya tafi amma mutanensa ba su manta da mu ba.” Sai na kasa. Na ce gobe. Gobe ta yi ya fita tun da asuba, ya dawo da kifi da aceke, dambun rogon mutanen nan, ya ce na aikin farko ne. Na yi ta cewa gobe har wata biyu, daga baya na ce wa kaina ai da akwai matsala da ta nuna.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, a kan gada, yana ɗauke da kaya zuwa Adjamé. Wata tasi ta tsaya a gabansa ba zato, ya kama birkin gaba da ƙarfi, wuyan ya rabu biyu. Waɗanda suka gani sun ce ba gudu yake yi ba. Hular kwanon tana kansa amma bai ɗaure igiyar ba, ta yi nata wuri. Kafin in isa asibiti an rufe masa fuska. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san kwanansa ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma Allahn da ya rubuta shi ne ya ba ni ido a ranar nan, ya kuma ba ni baki.

Kada ka riƙe Alhaji Mijinyawa a zuci. Ya zo ya zauna a tsakar gida yana kuka kamar yaro, ya rantse bai sani ba, shi ma a hannun wani mutumin kirki ya karɓa bai duba ba, don kunya. Na yarda da shi. Surukinka ma na san ba zai cuce ka da gangan ba, 'yarsa da jikarsa ne za su hau bayanka. Amma shi ma wani ne ya sayar masa. Saboda haka ka je da makaniken da ba ya jin nauyin kowa a gidan, ka gaishe da surukinka yadda ya kamata, sannan ka durƙusa a gabansa ka shafa wuyan. In ka ga fuskarsa ta canza, ka ce gwaggonka ta Abidjan ce ta sa ka rantsuwa, tsohuwa ce mai rigima tun da ɗanta ya rasu. Ka ɗora mini laifin duka, zan iya ɗauka. Fushin suruki wata ɗaya ne ko biyu, ka kai masa goro ya huce.

Babur ɗin Fatihu kuwa, wani makanike ya zo har gida ya ce zai iya liƙe shi ya yi fenti, ba wanda zai gane. Na ce na sani. Jiya na sa Haulatu ta kira mai walda na bakin layinmu, na zauna a kujera ina kallo ya yanka gangar jikin gida huɗu, masu sayen tsohon ƙarfe suka kwashe. Guntun wuyan kawai na riƙe. Hajiya Barakatu mai kai atamfa za ta taso jibi daga tashar Adjamé, in hanya ta yi kyau kwana huɗu ta iso ku. Zan ba ta takardar nan da ƙulli biyu. Babban hular kwano ce sabuwa, ka riƙa ɗaure igiyar ko nan da bakin titi za ka. Ƙaramin, wanda na naɗe a ɗankwalina, shi ne ƙarfen. Kada ka ba Afra'u ta buɗe. Ka zauna kai kaɗai ka rufe ido ka shafa shi, gefen da fentin yake, har yatsanka ya haddace yadda walda take a ƙarƙashin fenti. In ka sayi naka lafiya, ka haƙa rami ka binne shi, ba na son ya dawo mini.

Ka gaishe mini da ƙanena Nomau, ka ce ya yafe mini rashin aiko da abin da ya roƙa. Ka gaida Delu da Ummul-Khairi, da Afra'u, ka shafa mini kan jaririya. Haulatu na gaishe ku. Ku ci gaba da sa Fatihu da mahaifinsa a addu'a. Na gaji, bari in tsaya nan. Ranar da ka je dubawa, ka kira ni kana tashi daga durƙuson, kafin a shafa fatiha.

Taka gwaggo,
Zalihatu